Marigayi Yana Neman Hoto

A gidanmu na haya da ke Girgaon, hawa na biyu, ɗaki mai lamba goma sha huɗu, akwai mutumin da muka shekara talatin muna kiransa Marigayi, yana kuma amsawa. In ka tarar da shi a bakin famfo da safe yana wanke baki, ka ce, "Marigayi, an tashi lafiya?" sai ya tofar da ruwan ya ce, "To, gwargwadon halin da ake ciki." Sunansa na gaskiya Digambar Nadkarni. Ni Dada nake ce masa, wato yaya, don ya ba ni shekara goma sha takwas, kuma bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da namu, bangon da ko atishawa ba ya tarewa.

Daga wani ƙauyen Ratnagiri ya sauko Bombay a jirgin ruwa, a 1938, da akwatin ƙarfe da laima da niyyar zama jarumin fim. Fuska dai an ba shi. Goshi mai faɗi, gashin baki kamar da alƙalami aka ja shi, idanu irin na mutumin da aka ci amanarsa ya yafe. Da aka zo rabon murya ne yana bayan gida. In ya buɗe baki sai ka waiga kana neman ɗan akuyar da aka kulle a ɗaki.

Rawar farko da ya samu, bawa ne a fada, maganarsa guda: "Ranka ya daɗe, doki ya iso." Sau goma sha ɗaya aka ɗauka. A na ƙarshe mai ɗaukar sauti ya cire abin kunnensa ya fita waje don ya yi dariyarsa a natse. Daraktan, wani mutumin Bengal mai ciwon ciki, ya daɗe yana kallon Dada, sannan ya ce, "Wannan fuskar asara ce a jikin mai rai."

Ranar aka ɗauke shi hoto da rawani, aka sa a firam, aka rataye a bangon gidan jarumin fim ɗin, aka zagaya masa sarƙar fure. Hoton da aka sa wa fure kuwa ko yaro ya san mai shi ya riga mu gidan gaskiya. Dada ya zama mahaifin jarumi, wanda ya rasu tun kafin a fara labarin. Fim ɗin ya yi mako ashirin da biyar a silima. Mutanen fim sun fi 'yan caca camfi, nan da nan magana ta zaga sutudiyo-sutudiyo cewa bangon da ba Nadkarni a kai ba ya kawo kasuwa.

Haka ya yi fim ɗari biyu da goma sha biyu bai motsa ba. Ya mutu yana alƙali, ya mutu yana sufeton 'yan sanda, ya mutu yana manomi, yana malamin makaranta, yana mai gonaki da 'yan kunne. Kusan duk jarumin da kuka taɓa yi wa tafi ɗansa ne. Manyan mata masu motoci sun durƙusa a gabansa sun zubar da hawaye tulu-tulu, suna ce masa, "Kun tafi kun bar ni da yara," alhali da za su haɗu da shi a ƙofar sutudiyo, jakarsu za su miƙa masa ya riƙe. Sunansa bai taɓa fitowa a allo ba.

Amma kada ku ce ba sana'a ba ce, zai ɓata rai. Bai taɓa yarda a maimaita tsohon hoto ba, kowane fim da mutuwarsa. Ranar aiki ba ya karyawa, wai ƙosasshe ba ya kama da mamaci. Ya taɓa koya mini sirrin muna shan shayi a baranda.

"Sada, kada ka kalli kyamara. Mai rai ne ke kallon kyamara, don yana son a so shi. Ka kalli saman kunnen mai hoton kaɗan, ka yi tunanin inda ka manta laimarka."

"Shi ke nan, Dada?"

"Shi ke nan? Gwada mu gani."

Na gwada. Ya ce na yi kama da mai jiran bas.

Kowane fim ya fito sai ya sayi tikitinsa ya je duba aikinsa. Ya dawo yana ƙorafi: sun rataye shi a karkace, ko jarumar ta tare shi da kafaɗa, ko furen roba suka sa masa don rowa.

Matarsa Shewanti, wadda nake kira Wahini kamar yadda ake kiran matar yaya, ba ta taɓa raka shi ba. A sutudiyo suka haɗu a 1944, tana cikin 'yan matan da aka ɗebo su ɗauki tulu a bakin rijiya. Fim ɗinta ke nan na farko da na ƙarshe, ta yi aure ta zauna tana murza papad, wata siririyar wainar garin wake, tana shanyawa a rufin gida. Ba su samu haihuwa ba. Ta tsani sana'arsa, tsana mai natsuwa irin ta wadda ta san daga nan tuwo ke fitowa. Duk ranar da ya dawo daga ɗaukar hoto, sai ta tare shi a bakin ƙofa, ta zagaya kansa da gishiri da busasshen barkono sau uku, ta watsa a murhu. Duk hawa na biyu sai mun yi tari. Da haka muke sanin Dada ya sake mutuwa.

Ita kuwa hoto, ko da wasa. A wurin biki, da mai hoto ya ɗaga kyamara sai ka neme ta ka rasa.

"Mutum ɗaya ya isa a gidan nan," in ji ta. "Su ci nasu, ni ba za su ci ni ba."

Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, kamar kowace matar kirki ta zamaninta. "Kuna ji?" take ce masa. Shi kuma, "Ke, ji mana."

Ran wata Talata da damina, a 1974, tana zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa a faranti, ta ce, "Kuna ji, rufe tagar nan, feshi na shigowa." Ya tashi ya rufe. Da ya juyo ta jingina kanta da jikin ƙofa. Farantin yana kan cinyarta, ko ƙwaya ba ta zube ba.

Muka kai ta bakin teku inda ake ƙona gawa, ya kunna wutar da hannunsa, muka yi wanka muka dawo. Matan gida suka cika ɗakin suna jiran ya fashe da kuka don su ma su samu hanya. Bai yi ba. Ya zauna a kan akwatinsa na ƙarfe, hannuwa bisa gwiwa. An ba shi shayi ya sha. An ce ya kwanta ya kwanta. In an yi masa ta'aziyya ya ce, "Haka ne."

Kashegari Guruji, malamin da ke yi mana hidimar ibada, ya zo ya jera abubuwan da za a tanada. Ya ce ran cikar kwana goma sha uku za a ciyar da mutane, a ajiye hotonta, a rataya fure, a kunna mata fitila.

"Hoto," in ji Dada.

"E, hoto. Ko ƙarami ne."

Dada ya dubi bangon ɗakinsa. Kalanda ce kawai da ƙusa.

"Haka ne," ya ce.

Na ɗauki hutu a gidan waya inda nake ware wasiƙu. Muka fara da gidanmu. Ɗaki sittin da huɗu, kowa ya fito da hotunan bikinsa. Mun samu gwiwar hannunta a bikin 'yar mai lamba tara. Mun samu gefen zanenta a bayan wani ginshiƙi. A wani hoton suna, matata Kusum ta rantse inuwar da ke ƙasa tata ce. Wahini ta yi aikinta da kyau, shekara talatin ba ta yi kuskure ko ɗaya ba.

A rana ta biyar na kai shi wurin Ustaz Fakhruddin, mai zanen allunan silima, wanda ke iya zana fuska mai tsayin bene biyu daga hoto kamar kan sarki. Ya aje burushi ya rungume Dada.

"Marigayi! Ashe kana nan? Zauna. Ba sai da hoto ba, faɗa mini kawai. Fuskar doguwa ce ko zagayayya?"

Dada ya shafa gashin bakinsa.

"To, hancin fa?"

"Hanci dai... yana tsakiya."

"Madalla, mun rage aiki. Idanu?"

"Baƙaƙe."

"Na duk Hindustan baƙaƙe ne, ɗan'uwa. Shekara talatin kana kallon me?"

"Faranti," in ji Dada. Ba da wasa ya faɗa ba. "Tana zuba mini abinci daga nan gefen. In muna tafiya tana bayana. In ta yi magana ina jin ta, mene ne na juyawa?"

Ustaz ya juyo gare ni. Na buɗe baki da ƙarfin gwiwa, sai na tarar ni ma abin da nake da shi jan ɗigon goshinta ne da ƙaurin barkono. Ya dai zana mana wani abu don kada mu tafi hannu biyu. Ta fito da gashin ido kamar tsintsiya da leɓe ja, irin matan da ke rera waƙa a cikin ruwan sama. Hannunsa bai san wata mace ba sai ita. Dada ya yi godiya, ya naɗe takardar, ya manta da ita a bas.

A hanyar ne ya ce, yana kallon taga, "Sada, ba na ganinta."

"Wa, Dada?"

"In na rufe ido. Muryar tana nan. Fuskar ba ta zuwa."

Yadda ya faɗa, kamar mai cewa famfo ya ɗauke. Daga nan na gane ba don Guruji muke yawo ba.

Saura fim ɗin rijiya. Sutudiyon ya daɗe da rufewa, an mai da shi ma'ajiyar buhunan siminti. Mai gadi ya tura mu wurin Mista Pinto, tsohon mai yanka fim da haɗawa, a wani ɗaki a Mahim, yana zaune da singileti yana gyaran rediyo.

"Na 1944? Mai rijiya?" Ya yi dariya har ya yi tari. "Marigayi, ka shigo bas yau? Ka ga hannun mata? To ka ga fim ɗinka. An sayar da gwangwanayen da awo. Su wanke azurfar, su narka sauran su yi awarwaro. Rabin jaruman zamaninmu suna ƙara a hannun masu wanke-wanke."

"Haka ne," in ji Dada, ya miƙe.

"Tsaya mana, kai ko mutuwa ba ka yi da sauri haka. Guntayen da muke yankewa mu zubar, masu akwatin majigi ke kwashewa. Je ka bakin tekun Chowpatty ka nemi Munshi Lal. Shi ya share mana ɗaki shekara goma."

Munshi Lal yana nan da akwatinsa mai tagogi huɗu, wanda yara ke leƙawa yana juya hannu. Da damina ba kasuwa, ya ɗaura tamfol yana gyangyaɗi. A bayansa buhu uku cike da guntayen fim, sun cukurkuɗe kamar taliya. Ya ce mu duba, in mun gama mu mai da su yadda muka same su, wato ko ta yaya.

Kwana uku muka yi a ƙarƙashin tamfol ɗin, daga safe har la'asar, muna ɗaga guntu ɗaya-ɗaya muna hange a sararin sama mai toka-toka. Dawakai. Takubba. Wata mace tana gudu a kan dutse. Sau tara na ci karo da Dada kansa a bango, na miƙa masa. Ya duba ya ce, "A karkace," ya jefa a buhu. Ba ya gaggawa, ba ya gajiya. In na kawo gasasshiyar masara ya ci. Ni ne nake ta tsaki a madadinsa.

A rana ta goma sha ɗaya, wajen azahar, ya daɗe riƙe da wani guntu da bai fi tsayin yatsa ba.

"Rijiyar ce," ya ce. "Da kwali aka yi ta."

Mata bakwai a jere, kowace da tulu, kowace fuska ba ta kai ƙwayar wake ba.

"Wace ce Wahini?"

"Ta uku." Ya sake ɗagawa. "Ko ta biyar."

Mai shagon hoto ya faɗaɗa mana shi har girman faranti. Da ya girma sai ya ƙara dusashewa, fuskokin suka zama kamar an zana da toka. Muka kawo gida, matan hawa na biyu suka kafa kotu a baranda. Rabi suka tsaya kan ta uku, wai tsayuwarta ce. Rabi suka ce ta biyar, wai ga yadda take karkata kai in za ta yi faɗa da mai madara. Wata tsohuwa ta ce ta farko, amma ita a kife ta riƙe hoton. Dada yana zaune a tsakiya kamar mai jiran a yanke wa wani hukunci.

Kusum ce ta karɓa ta kai kusa da hanci, ta ce mini, "Kuna ji, Wahini dai ban gan ta ba. Amma wannan ta huɗun, mai riƙe da ƙugu, na san ta. Tanubai ce mai kifi. Haka take tsayawa in ka taya mata da arha."

Safiyar sha uku, an dafa shinkafa da miyar wake da alawar madara, mutane sun cika baranda. Da ba a daidaita ba, Dada ya sa an rataye hoton duka bakwai ɗin a ƙusar kalanda, ya zagaya musu fure. Guruji ya ɓata fuska, ya ce in akwai mai rai a ciki fa? Ba a rufe baki ba sai ga Kusum ta hawo da Tanubai, ƙatuwar mace mai awarwaro har gwiwar hannu, ƙarnin kasuwa na biye da ita.

Ta tsaya a ƙofa ta ƙura wa bango ido. Sai ta dafe ƙirji.

"Wane ɗan banza ne ya sa mini fure? Ina da jikoki shida! Da safen nan na sayar da kwando biyu!"

"Yi haƙuri, Bai," na ce. "Taimako muke nema. Wace ce Shewanti a ciki?"

Ta ciro tabarau daga ƙullin zanenta, ta matsa. Ta bi su da yatsa tana kiran suna. Wannan ta rasu. Wannan ta auri direba ta tafi Nasik. Wannan ni ce, ku dubi ƙugu, wayyo duniya. Ta uku 'yar Goa ce mai satar hoda. Ta biyar ba ta ma jin yarenmu. Ta kai ƙarshe ta dawo.

"Shewanti ba ta nan."

Ta juyo gare mu ta ci gaba.

"Mu takwas aka ɗebo. Da aka ce a jeru aka neme ta aka rasa, darakta yana ta zagi, ya ce a ɗauka da bakwai. Ashe tana bayan rijiyar kwalin, ta aje tulu, tana yanka gwaiba tana ba wani mai gashin baki da ya zo a ɗauke shi hoto. Wai bai karya ba, tausayinsa take ji." Ta sauke tabarau ta dubi Dada sama da ƙasa. "Kai ne ko? Kai ka ja mata aka kore ta ran nan, ko kuɗin mota ba a ba ta ba."

Dada ya ɗago kai.

"Da gishiri," ya ce. "Gwaibar. Ta barbaɗa gishiri."

"Ni ina ruwana da gishirinku. Cire mini furen nan."

Ya miƙe ya cire furen, ya sauke hoton, ya goge gilashin da hannun riga ya miƙa mata. Ta karɓa tana gunaguni, amma na ga ta sake leƙa ƙugun. Ya tsaya da sarƙar furen a hannu yana duban ƙusar. Sai ya rataya ta a nan, a kan farin bango.

Guruji ya yi gyaran murya. "Nadkarni, ba a saba..."

"Kunna fitilar, Guruji. Abinci na hucewa."

Aka kunna. Aka yi karatu, aka ci abinci. Tanubai ta ci faranti biyu, ta ce miyar ba gishiri, ta tafi da hotonta a hammata.

Da la'asar, bayan an watse, na same shi a kan akwatin ƙarfe, hannuwa bisa gwiwa, yana fuskantar bangon. Na zauna kusa da shi. Ruwa ya tsagaita, ana jin masu wanke tukwane a bakin famfo.

"Dada, fuskar ta zo?"

Ya ɗaga yatsa ya taɓa haƙorinsa na sama, na gefen hagu.

"Wannan ya ɗan karye. Na gan shi lokacin da ta ciji gwaibar."

"Sauran fa?"

"Shi kaɗai ne tukuna."

Kusum ta leƙo ta ce ko a kawo shayi. Ya ce a kawo.